Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Tun daga shekarata ta ƙarshe a jami'a har na kammala bautar ƙasa, babu taron horar da matasa da na halarta wanda ba a maimaita mana huɗuba ɗaya ba. Mai jawabi zai ɗaga wayarsa sama ya ce kasuwar duniya ta shigo aljihun kowa, marini da baduku da mai ɗinkin hula sun huta da dillali, hoto ɗaya a Facebook ko Instagram ya isa ya haɗa su da mai saye a Legas ko Landan. A yi tafi, a raba lemo, a watse. Na gaskata wannan huɗuba, har na yi aiki da ita shekara guda cur. Abin da na gani a cikin shekarar ne ya sa nake ƙaryata ta a yau, kuma tun da ni ma ina cikin masu laifin, da kaina zan fara.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, a cikin birnin Zariya, wadda ta haura shekara 30 tana ɗinkin hula. Da allura da zare ta yi wa 'ya'yanta biyu kayan ɗaki. Hula ɗaya mai cikakken aiki takan ci mata mako uku zuwa huɗu, da rana a bakin ƙofar ɗaki, da dare a hasken tocila. Da na dawo daga bautar ƙasa babu aikin yi, sai na tuna da huɗubar nan. Na sayi hulunanta uku a farashin da ta saba sallama wa dillaliya, na kai aka wanke, na jera su bisa farin ƙyalle na ɗauki hoto, na ƙago wani suna mai ƙamshin Turanci na manna a kusurwar hoton. Kafin mako ya zagayo wani ma'aikaci a Abuja ya sayi biyu a ninki huɗu na abin da na biya. Da ya tambaye ni wa ke yi mana ɗinkin, sai na rubuta masa cewa ma'aikatanmu ne. Alhali ba ni da ma'aikaci ko ɗaya, ita kuwa wadda ta yi aikin ta goya ni ina jariri.

Haka muka yi ta tafiya wata da watanni, ina saye da araha ina sayarwa da tsada, ina kuma jin kaina a matsayin mai raya sana'ar gargajiya. Ranar wata Juma'a autarta ta ci karo da shafina a wayar ƙawarta, ta gane aikin mahaifiyarta, ta nuna mata. Da na je gaishe ta, goggo ba ta yi mini zancen kuɗi ba ko kaɗan. Cewa ta yi: "Ɗan nan, ashe hulunan nawa har Abuja suke zuwa? To madalla. Amma wa aka ce ya ɗinka su?" Na ce: "Goggo, ai sunan kamfani ake sawa." Ta ce: "Kamfanin yana da ido? Nawa dai sun fara gajiya." Ta mayar da kai kan allurarta. Wannan tambaya tata ita ce tushen duk abin da zan faɗa.

Da'awata ita ce intanet bai kawar da dillali daga tsakanin mai sana'ar hannu da mai saye ba. Ya dai sauya masa riga, ya kuma cire masa duk takunkumin da al'ada ta sanya masa. Dillanci sana'a ce tsohuwa mai mutunci a ƙasar Hausa. Dillalin kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana tsaye ne a bainar jama'a. Mai kaya ya san shi, mai saye ya san shi, ana tayi ana cewa albarka a gabansa, in an sallama a ba shi la'adarsa wadda kowa ya san iyakarta. In ya yi ha'inci akwai shugabannin kasuwa da za a kai ƙara gare su, akwai kuma kunyar idon mutanen da zai sake haɗuwa da su gobe. Ko dillaliyar da ke shiga gida-gida tana karɓar kayan matan kulle, takan dawo ta faɗi nawa aka taya, domin ta san maƙwabciya za ta iya tona mata asiri. Sabon dillalin wayar hannu ba ya jin wannan tsoro. Mai yin kayan bai san nawa aka sayar ba, mai saye bai san wa ya yi ba, shi kaɗai ke ganin bakin zaren biyu, kuma ribarsa tana cikin hana su haɗuwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da karantar da mu hanin tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Abin da na yi wa goggo tarar fatake ne, illa dai ban taka ko'ina ba, a kan katifata na yi shi.

Wanda ya san tarihi ba zai ɗauki ɓatan suna ƙaramin abu ba, domin an taɓa yi mana shi a kan sikeli babba. Ƙarnoni da dama majeman ƙasar Hausa suna jeme fatar jan akuyar Sakkwato da bagaruwa, suna rina ta da karan dafi, ayarin raƙuma suna ƙetara Sahara da ita zuwa gaɓar Arewacin Afirka. Daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Sunan da ta amsa a can shi ne fatar Maroko, wato sunan zangon da Bature ya ɗauke ta, ba na ƙasar da aka yi kiwon akuyar aka jeme fatar ba. Har yau da wannan suna aka san ta a duniya. Wanda sunansa ke kan kaya shi ke yanka farashi, shi ake nema in an ji daɗin kayan. Majemin da ba a san da shi ba kuwa, kuɗin wahalarsa kawai zai karɓa ko da fatarsa ta shiga fadar sarakuna.

A da, nisan Sahara ne ya raba mu da sunanmu, kuma baƙi ne suka ci ribar. Yau babu Sahara tsakanin Zariya da Abuja, sai tazarar da ke tsakanin mai ilimin boko da marar shi, masu cin ribar kuwa 'ya'yan gida ne. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk wanda ya san garin Kura na jihar Kano, inda aka shahara da rinin turkuɗi da bugun rawunan da Buzaye ke ƙetaro hamada domin su, zai ji karin maganar ya faɗo daidai. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a birnin da ƙauyukansa, waɗanda ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Waɗannan tufafi sun yi tafiya da sunan Kano a kansu ba tare da waya ko intanet ba. Mu da muke da wayar, mu ne muke kankare sunan.

Za a ce ai ƙofar intanet a buɗe take, me ya hana mai sana'ar ya shiga da kansa? Mai wannan tambaya bai taɓa ƙirga kuɗin shiga ba. Ana bukatar waya mai kyamara ta kirki, da kuɗin data kullum, da wutar caji a garin da wuta baƙuwa ce. Ana bukatar iya rubutun boko, sau da yawa ma da Turanci, domin mai sayen da ke biyan kuɗi da tsoka da shi yake tambaya. Ana bukatar asusun banki, da wayon gane saƙon shigar kuɗi na bogi, da sanin direban da za a ba saƙo a tasha ya kai lafiya. Sama da duka ana bukatar lokaci, wanda shi ne jarin mai aikin hannu. Marinin da hannunsa ke cikin baba tun safe ba zai riƙa amsa saƙon mutum 40 masu tambayar farashi su ɓace ba. Matar da ke cikin gida, wadda wayarta ƙarama ce ta kira da amsawa, ta fi kowa nisa da wannan ƙofa, ga shi kuwa kaso mai yawa na ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma daga hannun irinta yake fitowa. Ƙofar a buɗe take, gaskiya ne, amma matakalarta ta fi ƙarfin mafi yawan masu kayan.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ta fi ta farko haɗari, domin daga ƙirar dandalin kansa take tasowa. Waɗannan shafuka suna ɗaukaka wanda ke zuba sabon abu kullum, su binne wanda ya yi shiru. Hular goggo tana bukatar mako huɗu, shafina kuwa yana bukatar sabon hoto kowace safiya. Da me zan cike giɓin? Na ga yadda abokan sana'ata suka cike shi, ni ma saura ƙiris in bi sahu: a shiga kasuwa a kwaso hular inji, a kwaso yadin da masana'anta ta buga wa zane mai kama da rini, a kwaso jakar roba mai kama da fata, a jera su kusa da na gaske, a rubuta "aikin hannu" a ƙarƙashin duka. A hoto ba a shafa kaya, ba a jin nauyinsu, ba a shaƙar ƙanshin jima, ba a juya hula a duba cikinta. Wasu har sukan je marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, su ɗauki bidiyon dattijo yana tsoma zane a karofi, su ɗora shi a matsayin tallar yadin da bai taɓa ganin baba ba. Dattijon ya zama ado, ramuka da yawa a bayansa kuwa a bushe suke.

Wannan algus ne tsantsa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai sayen da aka cuta sau ɗaya ba zai ce wane ya cuce ni ba, zai ce kayan gargajiya na intanet ƙarya ne. Gobe in an nuna masa hular mako huɗu, kuɗin hular inji zai taya, domin ba shi da hanyar bambancewa. Ta haka jabu ke karya farashin na gaske. Mai algus zai koma sayar da turare ko takalma in kasuwar hula ta mutu, ita kuwa goggo ba ta da wata sana'ar da za ta koma.

Ko ga wanda ya yi gaskiya, ya kamata a daina gaya masa cewa shafinsa shagonsa ne. Rumfar aro ce a kasuwar da mai ita ke wata nahiya, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Shekarar 2021 kaɗai ta isa darasi. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai Janairun 2022. A watan Satumba aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, matakin ya kuma shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni sai sun yi tafiya kafin su kira 'yan uwansu. Ranar 4 ga Oktoba Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Wanda duk abokan cinikinsa ke cikin shafi ɗaya, a irin waɗannan ranaku ba shi da kasuwa. Abin da kaɗai ke bin mai sana'a duk inda kasuwa ta koma shi ne sunansa, wato dai abin da muke ƙwace masa.

Na san abin da tsarana za su ce, domin na faɗa wa kaina shi dare da yawa. Za su ce mu ma aiki muke yi: mu ke sayen data, mu ke ɗaukar hoto, mu ke shan zagin mai saye, mu ke ɗaukar asara in kaya sun ɓace a hanya. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a yi dillanci kyauta ba. Mai talla ya cancanci ladansa, wani lokaci ma mai kauri. Abin da nake ƙi shi ne ladan da ba ya iya tsayawa a gaban mai kayan. Ga ma'auni mai sauƙi: in za ka iya nuna wa mai ɗinkin saƙon kuɗin da aka turo maka ba tare da ka sunkuyar da kai ba, la'ada ka ci. In kuwa sai ka kife wayar, ka san sunan abin da ka ci.

Za su kuma ce in ka faɗi sunan mai yin kayan, mai saye zai tsallake ka ya tafi wurinsa. To, wannan tsoro shi kansa shaida ne a kanmu, domin yana nufin ba mu da wani amfani sai tsare hanya. Dillalin da ke zaɓo aiki mai kyau, ya tsaya wa ingancinsa, ya kai kaya a kan lokaci, ya karɓi wanda bai yi ba, mai saye ba zai guje shi ba, don ba kowa ke son zuwa lungun Zariya neman gidan mai hula ba. Wasu za su ce matan aure ba sa son a yayata sunansu ko hotonsu, kuma haka ne. Amma tsakanin fallasa mace da shafe ta akwai fili mai faɗi. Ana iya tambayar ta, a sa alkunyarta ko sunan unguwarta ko wata 'yar alama da za ta riƙa ɗinkawa a cikin hular. Kunya ba ta taɓa hana a ce tuwon gidan wane ya fi daɗi ba. Haka kuma ban musa cewa akwai matasan dukawa da maɗinka da suka riƙe wayarsu da kansu suka ci riba ba. Ina taya su murna. Sai dai nasararsu hujjata take ƙarfafawa, domin sun ci ribar ne saboda kayan da sunan suna hannu ɗaya.

Darajar suna ba tatsuniya ba ce. Duk mai riƙe da takardar naira 20 yana riƙe da hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Ba ita kaɗai ce gwanar tukwane a zamaninta ba, amma tukwanenta sun fita da tambarin sunanta a jikinsu, shi ya sa har yau ake neman su ana kiran ta. A tsibiran Hebrides na Sikotland kuwa, masaƙan yadin ulun da ake kira Harris Tweed sun samu doka daga majalisar Birtaniya a 1993, wadda ta ce ba za a kira yadi da wannan suna ba sai in mutanen tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu, kuma akwai hukumar da ke dubawa ta buga hatimi. Masaƙan ƙauye ne kamar namu. Sun gane cewa tun da ba za su yi tseren sauri da inji ba, dole su kafa shaidar da za ta raba aikinsu da nasa.

Saboda haka kirana uku ne, kuma babu wanda ke jiran kasafin kuɗin gwamnati. Na farko ga tsarana masu shafuka: kowane kaya ya fita da sunan wanda ya yi shi ko alamar da ya yarda da ita, da garinsa, da kwanakin da aikin ya ci, a kuma zauna da shi a yanka la'ada a fili kafin a ɗora hoto. Na inji a rubuta na inji ne, ai shi ma yana da masu so. Na biyu ga shugabannin sana'o'i, tun daga Sarkin Maƙera har shugabannin marina da dukawa da masu hula: sarautar sana'a ba ta hawan sallah kaɗai ba ce. Su fito da hatimin shaida na gari ko na unguwa, wanda ba a manna shi sai a kan abin da suka tabbatar aikin hannu ne, su kuma wakilta 'ya'yansu masu ilimi su riƙe shafin ƙungiya a bisa albashi ko la'ada sananniya. Na uku ga mai saye: kafin ka tambayi nawa ne, tambayi wa ya yi. In mai shafin ya fara kame-kame, ka samu amsarka. Masu shirya tarukan horarwa kuma su rage tara irina a otal suna koya mana dabarun ɗaukar hoto, su shiga karofi da majema da zaurukan gidaje, su koyar da Hausa, da saƙon murya, yadda mai kaya zai san farashin kayansa.

Na koma wurin goggo na buɗe mata wayata, na nuna mata duk cinikin da na yi da hulunanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce Allah ya yi albarka, ta ce in riƙa ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar. Yanzu kowace hula tana fita da wata 'yar alama da ta zaɓa da kanta a cikin bakinta, kuma akwai masu saye da ke jiran wata biyu don su sami mai alamar. Ribata ta ragu ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne autarta, wadda ta gano ni. Ta ƙi koyon ɗinkin tun tana ƙarama, da na yi mata magana kwanan baya sai ta ce: "Yaya, ai na ga wanda ke samun kuɗin. Ni ma waya zan saya." Ban sami abin ce mata ba, domin ni na koya mata lissafin. In kowane gidan masu sana'a ya yi wannan lissafi, nan da shekara 20 za mu wayi gari da dubban shafuka masu tallar aikin hannu, babu mai riƙe allura a bayansu.